Fasfon Jamus, gida a Kumasi: wace takarda ce za ta zaunar da dattijo a garinsu?

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan zangon Kumasi ne. A Aboabo aka yanke masa cibiya, a nan ya yi makarantar allo, a garin kuma aka binne iyayensa. Ya fita yana saurayi, a shekarun da tattalin arzikin Ghana ya durƙushe samari suka riƙa neman hanyar Turai, ya sauka a Hamburg kamar dubban 'yan ƙasarsa. Ya wanke kwanuka a gidan abinci, ya yi dako a rumbunan kaya na bakin tashar jiragen ruwa, daga baya ya samu tuƙin motar ɗaga kaya ya zauna a kai har gwiwa ta fara ciwo. Alhaji kowa ke ce masa, haka ni ma zan kira shi.

Lokacin da ya nemi zama ɗan ƙasar Jamus, dokar ƙasar ba ta son mutum ya riƙe ƙasa biyu. Akan ɗaga wa 'yan Tarayyar Turai ƙafa, da mutanen ƙasashen da ba sa sakin ɗansu ko ya roƙa, irin su Iran da Maroko. Ghana kuwa tana saki. Saboda haka aka ce masa ya je ya kawo shaidar cewa ya ajiye zamansa ɗan Ghana kafin a ba shi ta Jamus. Ya cike takardu, ya biya kuɗi, ya miƙa fasfonsa. Bai ɗauki abin da nauyi ba a lokacin, domin abin da ke gabansa shi ne ya huta da layin sabunta takardar zama, ya tsaya da ƙafafunsa, 'ya'yansa su tashi babu fargaba. Gida kuwa sai bayan shekara biyu ko uku yake leƙawa, ya yi wata guda ya dawo. Mai irin wannan zuwa biza ta ishe shi.

Abin ya canja ne da ritaya ta zo. Alhaji yana so ya riƙa barin Hamburg da zarar sanyi ya kama, wajen watan Nuwamba, ya zauna Kumasi sai hunturu ya wuce, wata biyar ko shida a kowace shekara. Yana da gida da ya gina a bayan gari, amma takardar filin da sunan ƙaninsa take, don shi ya tsaya a kan ciniki da ginin. Matarsa, Hajiya, ba ta taɓa ajiye fasfon Ghana ba, da izinin zama na dindindin take zaune a Jamus. 'Ya'yansu duk a Hamburg aka haife su. Hanyoyi uku ne a gabansa: ya ci gaba da biza, ya nemi haƙƙin zama a Ghana a matsayin baƙo mai asali, ko ya nemi a maida masa zamansa ɗan ƙasa.

Biza ita ce mafi sauƙin samu, ita ce kuma wadda ya saba da ita. Sai dai akwai abin da masu zuwa hutu ba sa lura da shi: tsawon rayuwar bizar daban, kwanakin da za a ba ka ka zauna daban. Ko biza mai shiga da fita sau da yawa ce a fasfonka, jami'in shige da fice a filin jirgin Accra shi ke buga maka hatimi, galibi na kwana 60. In za ka wuce haka sai ka je ofishinsu ka nemi ƙari, ka bar fasfonka a can, ka biya. Wanda ya yi sakaci kwanakin suka ƙare tara ce ke jiransa ranar fita. Ga mai son zaman wata shida, wannan na nufin kowace shekara zai yi ta kai da kawo a kan hatimi, kuma ƙarin alfarma ce ake yi masa, ana iya hanawa.

Amma ba wahalar ce ta fi ci masa rai ba. Ina zaune a falonsa ranar da yake haɗa takardun biza, ya baje su a kan tebur: hotuna, katin allurar shawara mai launin ɗorawa, tikiti, sai wurin da aka ce a rubuta sunan wanda zai karɓi baƙo a Ghana tare da wasiƙar gayyata. Ya daɗe yana kallon wurin, biro a hannu. Can ya ce wa matarsa, "Hajiya, yaron da na goya shi ne zai rubuto takarda ya gayyace ni gidan da na gina." Ta ce, "Alhaji, ka rubuta kawai, ai takarda ce." Ya rubuta. Na san wannan ba hujja ce ta shari'a ba, amma duk wanda zai ba dattijo shawara a kan irin wannan zaɓi, in bai sa wannan ciwon a lissafi ba, bai san mutumin da yake magana da shi ba.

Akwai kuma maganar katin shaida. A Ghana ta yau da wuya ka yi wani abu babu Ghana Card: da shi ake rajistar layin waya, kuma tun watan Yulin 2022 shi bankuna ke nema. Baƙon da ya kai kwana 90 a cikin shekara ana bukatar ya yi katin waɗanda ba 'yan ƙasa ba, da dala ake ƙiyasta kuɗinsa, ana kuma sabunta shi duk shekara. Da biza, wannan katin ne rabon Alhaji.

Hanya ta biyu mutane da yawa ba su san da ita ba. Dokar shige da fice ta Ghana ta shekarar 2000 ta tanadi wani matsayi da ta kira Right of Abode, wato haƙƙin zama, ga rukuni biyu: ɗan Ghana da ya rasa zamansa ɗan ƙasa saboda ya karɓi na wata ƙasa, da kuma baƙar fata 'yan asalin Afirka da ke warwatse a duniya. Wanda aka ba yana shiga babu biza, yana zama iya son ransa, yana aiki ko sana'a babu neman izini. Kamar don irin su Alhaji aka rubuta ta. Kafin 2024 ma ita ce hanya mafi aminci ga ɗan Ghana mai fasfon Jamus, don ba ta taɓa matsayinsa a can, daidai da yadda Turkiyya ta yi wa 'ya'yanta da suka ajiye ƙasa wani kati mai launin shuɗi da ke ba su damar zama da aiki ba tare da ƙuri'a ba. Sai dai Ministan Cikin Gida ne ke bayar da haƙƙin zaman da amincewar Shugaban Ƙasa, don haka ba takarda ce da za ka nema ka karɓa cikin hutu ɗaya ba. Abu mafi muhimmanci kuma, mai haƙƙin zama baƙo ne har yanzu a idon tsarin mulki.

A nan maganar gida ta shigo, kuma ita ce ta karkatar da lissafin gaba ɗaya. Sashe na 266 na tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili mallaka ta har abada, ya kuma ce hayar da za a rubuta masa kada ta wuce shekara 50 a lokaci guda. Dokar filaye ta 2020 ta sake nanata haka. Yawancin filayen Kumasi da kewaye na sarauta ne, sarakunan Asante ke bayarwa, ɗan ƙasa ma haya yake samu, amma tasa ta gidan zama takan kai shekara 99. In Alhaji ya maida takardar gidan sunansa yana baƙo, ya sare kusan rabin wa'adin da hannunsa. In ya bar ta da sunan ƙaninsa, to gidan na ƙanin ne a gaban kotu. Ƙanin mutumin kirki ne, babu wanda ya taɓa jin kansu. Amma yana da mata biyu da 'ya'ya da yawa, kuma ranar da ya faɗi ya mutu, magadansa takarda za su duba. Duk wanda ya zauna da mutanenmu na Turai ya ji labarin gidan da aka gina da gumin shekara talatin ya zama abin shari'a tsakanin 'ya'yan wa da 'ya'yan ƙani. Wannan ne ya hana Alhaji barci, ba hatimin filin jirgi ba.

Saura hanya ta uku. Daga ɓangaren Ghana ƙofa ta daɗe a buɗe: an gyara tsarin mulki a 1996 aka halatta riƙe ƙasa biyu, dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta shimfiɗa yadda za a yi. Jamus ce ta tare hanya. A tsohuwar dokarta, Bajamushen da ya nemi zama ɗan wata ƙasa ya samu, ba tare da ya fara karɓar izinin riƙe ta Jamus ba, to a ranar ya rasa ta Jamus, ko an sanar da shi ko ba a sanar ba. Dubban Turkawa sun faɗa wannan rami bayan shekarar 2000: sun karɓi ta Jamus, suka koma a asirce suka maido ta Turkiyya, daga baya aka gano cewa sun daɗe da zama baƙi a ƙasar da suke ɗauka tasu ce. Labarin ya zaga cikin baƙin Hamburg, shi ya sa dattawa irin su Alhaji ko kusa da maganar ba sa zuwa.

Ranar 27 ga Yunin 2024 sabuwar dokar Jamus ta fara aiki, ta yarda da riƙe ƙasa fiye da ɗaya. Daga ranar, wanda ya maido zamansa ɗan Ghana ba ya rasa komai a Jamus. Abin da ya kamata a faɗa da babbar murya shi ne dokar ba ta waiwaye. Wanda ya riga ya maido tasa ta asali kafin wannan rana babu izini, ya riga ya rasa ta Jamus, sabuwar dokar ba ta dawo masa da ita da kanta ba, ya nemi lauya kafin ya je sabunta fasfo. Alhaji bai taɓa yin haka ba, don haka hanyarsa a share take daga can. Takwarorinsa da ke Holan da Ostiriya kuwa yawancinsu har yanzu a tsohon wurin suke tsaye, su haƙƙin zama ne ya fi dacewa da su.

Sai dai ƙasar da ka ajiye da hannunka ba ta dawowa don Jamus ta canja ra'ayi. Sai ka rubuta wa Ma'aikatar Cikin Gida ka nema, ka kawo hujja. Ga ɗan zango kuwa kalmar hujja tana da tarihi. A Ghana haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa, asalin iyaye da kakanni ake bi. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, zanguna suka girgiza, aka kwashi mutanen da ba su san wata ƙasa ba aka nufi iyaka da su. Alhaji yana yaro a lokacin, ya ga maƙwabta suna sayar da gado da tukwane a bakin titi. Har yau shugabannin zango suna ƙorafin cewa mai suna Garba ko Fusaini yakan sha tambayar "daga ina kakanka ya zo" fiye da mai suna Kofi. Kakan Alhaji na wajen uba fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Hausa, amma mahaifinsa da mahaifiyarsa duk a Kumasi aka haife su, uwar mahaifiyarsa ma haka.

Da aka zo tattara takardu, abin da ya fi amfani shi ne wanda ya fi ƙin gani: takardar shaidar ajiye ƙasa. Tana cikin wata tsohuwar jakar fata a saman kabad, tare da kwafin fasfonsa na farko da ya koɗe da rasit ɗin makaranta. Gwamnati ba ta karɓar ajiyar ƙasa daga wanda ba ɗanta ba, saboda haka takardar da kanta shaida ce cewa Ghana ta taɓa amsa shi nata ne. Ina roƙon duk wanda ya ajiye ƙasa ya adana wannan takarda kamar yadda yake adana ta gida. Da yawa sun yar da tasu don baƙin ciki, yanzu suna nema.

A tsakiyar haka wani ya kawo masa gajeriyar hanya. Akwai masu "haɗa takarda" da za su yi maka katin ɗan ƙasa da fasfo kamar ba ka taɓa ajiye komai ba, ka ba da kuɗi kawai. Na ce masa kada ya soma, kuma zan faɗa wa kowa haka. Yin haka rantsuwa ce a kan ƙarya a gaban hukuma, sunansa kuma yana cikin kundin waɗanda suka ajiye. Takardar gidan da za a rubuta a kan katin ƙarya tana iya rushewa ranar da wani magaji ya ɗauki lauya mai wayo, alhali don a tsare gidan ake duk wannan wahala. Mutumin da doka ta buɗe masa ƙofa ba shi da dalilin haura katanga.

Riƙe ƙasa biyu ma yana da nasa farashi. Da zarar ya zama ɗan Ghana, in wata matsala ta same shi a can, ofishin jakadancin Jamus ba shi da ƙarfin shiga sosai, don hukumar Ghana ɗanta take gani. Akwai kuma muƙaman da aka hana mai ƙasa biyu, kamar jakada da Sufeto Janar na 'yan sanda da shugabannin rundunonin soja, kujerar majalisa ma ta jawo shari'u: Adamu Dramani Sakande na Bawku ta Tsakiya an ɗaure shi a 2012, James Gyakye Quayson na Assin ta Arewa Kotun Ƙoli ta sa a cire sunansa a 2023 kafin ya sake cin zaɓen cike gurbi. Alhaji ba ya neman kujerar kowa, sai na wuce.

Babbar 'yarsa ce ta kawo hanya ta huɗu da ba mu lissafa ba. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aikinsa, a Ghana ko a waje, ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne ko ya taɓa zama. Ke nan yaran da aka haifa a Hamburg suna da haƙƙin da uban ya rasa, ta wajen uwarsu. Ta ce, "Baba, a sa sunanmu a takardar mana, ka huta." Shawarar tana da kyau a fuska, ta kuma fito daga zuciya mai tausayi. Amma in an yi haka gidan ya bar hannunsa tun yana raye, Hajiya ba ta da kaso a rubuce, kuma akwai ɗa guda da ya haifa a Kumasi kafin tafiyarsa, wanda zai ga an yi rabon gado babu shi. Ga shi dokar rabon gado ta Ghana ta 1985 ita ke aiki a kan dukiyar wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, kuma rabonta ba irin na Musulunci ba ne. Alhaji ya ce a'a, gidan ya zo sunansa, ya rubuta wasiyya a gaban lauya da malami, kowa ya san abin da zai samu.

Matsalar Hajiya ita ce ta Alhaji a juye. Ita Kumasi a buɗe take gare ta, Hamburg ce ke iya rufewa. Izinin zama na Jamus, ko na dindindin ne, yana mutuwa in mai shi ya fita ya wuce wata shida bai dawo ba. Dokar ta keɓe wasu masu izinin dindindin: wanda ya yi shekara 15 yana zaune bisa ƙa'ida kuma yana da abin dogaro, da wanda ke zaman aure da ɗan ƙasar Jamus. Hajiya ta shiga cikin na biyun kai tsaye, amma jami'in filin jirgi ba zai san haka da kallo ba. Akwai takardar shaida da ofishin baƙi ke bayarwa in an nema, ita ta je ta karɓo. Lura da cewa kariyar tata a kan fasfon Jamus na mijinta ta rataya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa shawarar da wasu abokai suka ba shi, wai ya ajiye ta Jamus ya koma ɗan Ghana zalla tun da ya gama aiki, ba shawara ba ce.

Akwai abubuwan da babu takardar Ghana da za ta warware. Fanshon da mutum ya tara da guminsa ana biyansa ko yana waje. Tallafin da gwamnati ke cika wa tsoho mai ƙaramin fansho kuwa yana tsayawa in ya wuce mako huɗu a jere a wajen Jamus, sai ya dawo. Abokan Alhaji da yawa a kan wannan tallafi suke, don shekarunsu na farko aikin da ba a rubuta ba suka yi, su maganar wata shida a gida ba ta ma taso ba ko fasfo nawa suka riƙe. Shi nasa fanshon ya ɗan haura, ya tsira da ƙyar. Inshorar lafiyarsa ta gwamnati ba ta biyan magani a Ghana. Inshorar tafiya ta yau da kullum makonni shida zuwa takwas take ɗauka, ta dogon zama kuma tana tsada ga mai shekarunsa da hawan jini. In kuma ya soke adireshinsa na Hamburg ya tare a Kumasi gaba ɗaya, inshorar gwamnatin ta yanke.

A ganina, da zuwa hutu kawai Alhaji yake yi, da na ce ya zauna a kan bizarsa kada ya tayar wa kansa da hankali. Da kafin Yunin 2024 ne, da haƙƙin zama zan nuna masa, ya yarda da hayar shekara 50. Amma mutum mai gida a ƙasa, mai magada a nahiya biyu, mai niyyar rabin shekara a can, a lokacin da ƙasashen biyu suka yarda, babu abin da ya dace da shi sai ya maido zamansa ɗan ƙasa ta ƙofar gaba. Haƙƙin zama zai cinye masa lokaci da kuɗi ya bar shi da matsalar filin yadda take.

Haka ya yi. Ya shigar da takardar neman, ya haɗa da shaidar ajiye ƙasa da tsohon fasfo da takardun haihuwar da aka samu. Kafin amsa ta fito yana tafiya da biza, ya kuma rage zaman zuwa abin da hatimi da ƙari ɗaya za su ɗauka. Ya zauna da ƙaninsa a gaban limamin unguwa da shaidu biyu, lauya ya rubuta cewa gidan na Alhaji ne, ƙanin riƙon amana yake yi, duka suka sa hannu, za a canja sunan da zarar shaidar ɗan ƙasa ta zo. Adireshinsa na Hamburg yana nan bai soke ba, likitansa kuma ya rubuta masa maganin hawan jini na wata uku, sauran sai ya saya a Kumasi da kuɗinsa.